Satar Ƙarafan Dogo: Ina Ɓarawon Zaune?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Rigasa da ke Kaduna, ko ta Idu da ke Abuja, yana jiran jirgi, da wuya a ce idonsa ya sauka ƙasa ya dubi abin da ke tsakanin ƙarfen dogo da gungumen kankaren da aka ɗora shi a kai. Ido ya fi son kan jirgi da taragai masu sanyi da ginin tasha. Amma da zai duba da kyau, da ya ga wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe wanda bai wuce tafin hannu ba, bai kuma kai kilo guda a sikeli ba, ya danne ƙafar dogon ta wannan gefe, ɗan'uwansa kuma ya danne ta ɗaya gefen. Kowane gungume yana ɗauke da irinsu guda huɗu. A kan waɗannan 'yan ƙarafa ne rayukan ɗaruruwan fasinjojin da ke cikin jirgin suka rataya, kuma su ne ake bin dare ana kwancewa ana kai wa masu sayen ƙarfe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Idan ba a manta ba, a farkon shekarar 2024 shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya na wancan lokaci, Injiniya Fidet Okhiria, ya shaida wa manema labarai cewa an yi awon gaba da kimanin 150,000 na waɗannan ƙarafa a sababbin layukan nan uku, wato na Abuja zuwa Kaduna, da na Legas zuwa Ibadan, da na Itakpe zuwa Warri. Labarin ya fito a jaridu, aka karanta, aka girgiza kai, aka wuce. Ba mu ji wata majalisa ta zauna a kansa kamar yadda ake zama idan kwangilar sayo taragai ta taso ba.

Wani abin lura tun daga farko shi ne, abin da muke magana a kai ko tsayayyen suna ba shi da shi a Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma a cikin shekaru fiye da ɗari da suka biyo baya harshen ya karɓi tasha da tarago da reluwe da lebura, ya raɗa wa ƙarfen kansa suna dogo, har ya adana kalmar diga domin tunawa da wahalar da kakanninmu suka sha wajen sare hanyar daga Baro. Amma ƙananan kayan da ke ɗaure dogon an bar su a bakin injiniyoyi da Turancinsu. Gidajen rediyonmu kan ce an sace “ƙarafunan layin dogo”, mai sauraro kuma sai ya ɗauka wasu tsofaffin tarkace ne da aka yasar a gefen hanya. Ɗalibin harshe ya san cewa abin da al'umma ba ta raɗa wa suna ba, da wuya ta lura ranar da ya ɓace. Saboda haka a wannan sharhi za mu kira ɗan ƙarfen nan mariƙi, tunda riƙo ne aikinsa, kuma muna maraba da duk tsohon ma'aikacin reluwe da ya san sunan da ya fi wannan.

To, mene ne mariƙi yake riƙewa? Amsar da kowa zai bayar ita ce yana hana dogayen biyu buɗewa. Haka ne. Tazarar da ke tsakaninsu a sababbin layuka milimita 1,435 ce, a tsohon layin Turawa kuwa 1,067, kuma idan ta ƙaru da 'yan santimitoci kaɗan ƙafar jirgi sai ta faɗa tsakiya. Sai dai akwai aiki na biyu wanda jama'a ba su cika sani ba, kuma a ganinmu shi ya fi ban tsoro, domin ɓarnarsa a ɓoye take taruwa.

Dogo yana tafiya. Mai karatu na iya yin murmushi, amma masana harkar sun daɗe da sanin cewa ƙarfen da ake gani kwance yana rarrafe a tsawonsa, kaɗan-kaɗan, ta yadda ido ba ya gani sai an sa alama an dawo bayan watanni. Duk lokacin da direba ya taka birki, ƙafafun jirgin suna tura dogon gaba. Idan kan jirgi ya yunƙura zai tashi da kaya, sai ya ja shi baya. Nauyin kowace ƙafa yana ɗan lotsa ƙarfen, lotsawar kuma tana bin gaban ƙafar kamar yadda tabarma ke tattarewa a gaban abin da ake mirginawa a kanta. A gangara abin ya fi tsanani, haka nan a mashigar tasha inda kullum ake taka birki a wuri guda, da kuma layin da kaya masu nauyi suka fi bi ta fuska ɗaya. Idan ba a tare wannan rarrafe ba, ratar da aka bari a mahaɗin dogaye sai ta toshe a wani wuri, ta wage a wani, kusoshin ƙarfen haɗi su tsinke, gumagumai su karkace, wurin sauya layi kuma ya daina rufuwa daidai.

Sannan ga rana. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, kuma lissafinsa ba boyayye ba ne. Dogo mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, zai nemi ƙarin tsawo na kusan santimita 35. Wanda ya san asubahin hunturu a Zariya, ya kuma san azahar ɗin watan Afrilu lokacin da ƙarfen da ke rana ba ya taɓuwa da hannu, ya san digiri 30 ba wani abu ba ne a ƙasarmu. A da, ana barin 'yar rata tsakanin dogo da dogo domin ƙarfen ya sami wurin numfashi, ita ce ke ba da ƙarar nan da duk wanda ya hau jirgin Kano zuwa Legas yake tunawa. A tsarin zamani kuwa, inda ake walda dogaye su zama zare guda mai tsawon gaske, ba a ba ƙarfen wurin miƙewa ko kaɗan. Danne shi ake yi, ƙarfin ya taru a cikinsa, kuma a wancan lissafi na digiri 30 ƙarfin da ke cikin dogo ɗaya yana kai wa wajen tan 50. Abin da ke tsare wannan ƙarfi shi ne mariƙai, waɗanda kowannensu ke danna ƙafar dogo da nauyin kusan tan guda, sai gumagumai, sai duwatsun da aka jibge a kewayensu. Ranar da aka kwance mariƙan gumagumai ashirin ko talatin a jere, ƙarfen ya sami 'yanci. Da rana ta take sai ya bauɗe gefe kamar maciji, da tsananin sanyi kuma yana iya tsinkewa. Direban da ke tafe da gudun kilomita 90 ko 100 a sa'a ba zai iya tsayawa a tazarar da idonsa ke gani ba.

A layukan da ake kafa dogo da ƙusa a kan gungumen katako, kamar yadda aka fi yi a Amurka, ƙusar ba ta matse ƙarfen sosai, don haka suke ƙara wani ƙarfe daban da ke cafke ƙafar dogo daga ƙasa ya tokare jikin gungume. Makiyayi zai kira shi dabaibayi, kuma bai yi kuskure ba. Mariƙin zamani mai tauri da tsalle, irin wanda wani injiniya ɗan ƙasar Norway mai suna Per Pande-Rolfsen ya ƙirƙiro a 1957 kuma kamfanin Pandrol ya yaɗa a duniya, ya haɗa ayyukan biyu, ya zama shi ne ƙusa, shi ne dabaibayi. Wannan ci gaba ne, amma yana nufin wanda ya ɗauke shi ya yi ɓarna biyu da hannu ɗaya.

Kada a ɗauka ƙasashen da suka riga mu sun fi ƙarfin irin wannan musiba. A watan Mayun 2002, a Potters Bar da ke arewa da Landan, mutum bakwai suka rasu saboda notunan da ke riƙe da sandunan wurin sauya layi sun kwance ba a ɗaure ba. A watan Yulin 2013, a Brétigny kusa da birnin Paris, ƙarfen haɗi guda ɗaya ya kuɓuce daga kusoshinsa ya maƙale a mahaɗar layi, nan ma mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Ingila da Faransa ke nan, inda ba wanda ya saci komai, sakaci kawai aka yi. To ina ga ƙasar da sakaci da sata suka haɗu a kan layi guda?

Mu dawo gida. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 tsawonsa kilomita 186 ne, kuma da bashin dala miliyan 500 daga bankin ƙasar Sin aka yi mafi yawan aikinsa, bashin da talakan Nijeriya ne zai biya. Idan aka ƙaddara tazarar santimita 60 tsakanin gungume da gungume, kamar yadda aka saba, kowace kilomita tana da gumagumai kusan 1,670, wato mariƙai wajen 6,700. A jimlace layin yana da fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, a shimfiɗe cikin daji, dare da rana. Babu rundunar da za ta iya sa soja a kan kowannensu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa maganin da hukumomi suka fi ambata, wato ƙara jami'an tsaro da tsananta hukunci, ba zai kai mu ko'ina ba idan shi kaɗai aka riƙe. A shekarar 2021 Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya nemi a ɗauki lalata layin dogo a matsayin laifin da ya cancanci kisa. Mun fahimci ɓacin ransa, domin mai kwance dogo ya san mutane za su bi ta kai. Amma satar ba ta tsaya ba, alƙaluman da hukumar ta bayar daga baya su ne shaida.

Dalili kuwa a fili yake. Mariƙin dogo ba ya da amfani a gidan kowa. Ba a girki da shi, ba a noma da shi, ba a kafa ƙofa da shi. Yaron da ya ɗauki guduma ya shiga daji da tsakar dare ya yi haka ne domin ya san da gari ya waye akwai mai sikeli da zai auna ya biya shi, mai sikelin ya san akwai dillalin da zai cika tirela, dillalin kuma ya san akwai kamfanin da zai zuba kayan a tukunya ya narkar ya fitar da rodi, ba tare da ya tambayi daga ina suka fito ba. Hausawa sun daɗe da sanin wannan mutum na ƙarshe, suka kira shi ɓarawon zaune. Ba ya shiga daji, ƙaya ba ta taɓa shi, amma rabonsa ya fi na kowa. Abin da ya faru a Jihar Nasarawa a watan Mayun 2021 ya ɗan ɗaga labule, lokacin da 'yan sanda suka gabatar da waɗanda ake zargi da kwashe ƙarafan tsohon layin gabas, aka ga a cikinsu har da mai riƙe da muƙamin siyasa, da masu kayan sarki, da baƙo ɗan ƙasar waje mai alaƙa da kamfanin ƙarfe. Wanda ke iya kawo tirela da injin yankan ƙarfe bakin dogo ba almajirin bola ba ne.

Akwai wani abin takaici a nan da ya kamata masu ilminmu su tsaya su yi tunani a kai. Layin Itakpe zuwa Warri an fara shi ne tun 1987 domin ya riƙa kai tama daga Itakpe zuwa masana'antun ƙarfe na Ajaokuta da Aladja. Ajaokuta, wadda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1970, ta shafe shekara arba'in da ɗoriya ba ta narka tama ta fitar da ƙarfe ba. Saboda haka kamfanonin rodin da ke ƙasar nan kusan duk da tsohon ƙarfe suke aiki, kuma yunwarsu ba ta ƙarewa. Layin da aka gina domin ya kai tama, shi da kansa ya zama tamar. A watan Mayun 2021, ko shekara guda ba a yi da ƙaddamar da shi ba, aka tarar an yanka dogayensa a yankin Jihar Kogi.

Ba muna wanke 'yan gwangwan ba ne, kuma ba za mu ɓoye cewa da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne na Arewa ba. Galibinsu halak suke nema, suna tsince abin da birni ya zubar, kuma da babu su da bola ta binne mu. Amma akwai ɓata-gari, kuma duk lokacin da aka kama ɗaya sunan yanki guda ake ɓatawa. Matakin da hukumar Babban Birnin Tarayya ta ɗauka a watan Janairun 2025, na hana 'yan jari-bola yawo da rufe kasuwannin fanteka na mako biyu bayan da aka yi ta sace murafun magudanun ruwa, ya taɓa reshe ne ya bar saiwa. Ƙasar Kenya ta gwada irinsa a watan Janairun 2022, ta dakatar da cinikin tsohon ƙarfe baki ɗaya, bayan 'yan watanni ta janye ta koma ga lasisi da rajista. Ingila kuwa, da satar wayoyin jirgin ƙasa ta ishe ta, ta yi dokar 2013 wadda ta wajabta wa duk mai sayen tsohon ƙarfe ya mallaki lasisi, ya tabbatar da ko wane ne mai sayarwa, ya rubuta abin da ya saya, ta kuma tabbatar da haramcin biya da tsabar kuɗi. Da zarar kuɗi ya bi ta banki, sawu ya fito.

A ra'ayinmu nan ne ya kamata Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su sa ƙarfinsu. Tun watan Maris na 2023 gyaran tsarin mulki ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kai, don haka Kaduna da Kano da Neja da Katsina ba su da uzurin cewa ba huruminsu ba ne, balle kuma kasuwannin ƙarfe dama a ƙasarsu suke. Kamfanonin da ke narka ƙarfe a Nijeriya ƙididdigaggu ne, kowa ya san ƙofarsu, ba kamar dajin kilomita 186 ba. Mariƙi da ƙarfen haɗi da guntun dogo suna da siffar da ba ta ɓuya. Doka ta ce duk wanda aka samu da su a harabarsa ba tare da takardar gwanjo daga hukumar jiragen ƙasa ba, shi zai yi bayani, kuma hukuncin ya hau kan mai kamfani da lasisinsa, kada a tsaya kan direba da ɗan dako. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan, waɗanda suka fi kowa sanin wanda ke kawo me, a jawo su cikin aikin tun daga rubuta dokar.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowace gocewar jirgi ba ce aikin ɓarayi, kuma kalmar “masu zagon ƙasa” ta zama mafaka mai sauƙi ga duk jami'in da aka tambaya. A watan Janairun 2023 kaɗai jirgi ya sauka daga kan layi sau biyu, ɗaya a dajin Kogi, ɗaya a Kubwa. A watan Agustan 2025 na Abuja zuwa Kaduna ya goce a Asham, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya karkata ne ga gazawa wajen kula da layin da kayan wurin sauya hanya. Mariƙi ko ba a sace shi ba yana gajiya. Robar da ke ƙarƙashin dogo tana cinyewa, noti yana kwancewa da girgiza, duwatsu suna zaizayewa da damina. Duk waɗannan suna da ranar dubawa da ranar canji, kuma ba a yanka ƙyalle ko a gayyaci 'yan jarida domin an ɗaure noti, shi ya sa kasafin kuɗinmu ba ya ganinsu.

Tsohon tsarin da Turawa suka bari, duk da zaluncin da ke cikin asalinsa, ya fahimci wannan. An raba layi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da ayarin leburorinsa da shugabansu, suna zaune a 'yan gidajen reluwe da har yanzu ake ganin kufansu a bakin dogo, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya taka yankinsa da ƙafa, da guduma a kafaɗa, yana duba abin da ya kwance yana mayarwa. Da haka aka riƙe hanyar da ta kai Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930, da Maiduguri a 1964, aka yi ta jigilar gyaɗa da auduga da fatu da shanu. Lalacewar wannan layi ba rana ɗaya ta faru ba. An daina biyan mai guduma, sannan jirgi ya rage gudu, sannan ya daina zuwa, daga nan gumaguman ƙarfe suka fara bayyana a matsayin gadar kwata da shingen gona, kowa yana gani ba wanda ya ce uffan. Mu da muka yi makarantar da guntun dogo ne ƙararrawarta ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ya zo ba.

Na'urorin zamani suna da amfani, akwai motocin da ke bin layi suna auna shi, akwai kyamarori, akwai mariƙan da aka ƙera ta yadda ba sa ciruwa sai da makami na musamman, kuma ya dace a sa su a wuraren da sata ta fi yawa. Amma babu na'urar da ta kai mutumin ƙauyen da ke bakin dogo, wanda ya san baƙuwar fuska da baƙuwar mota, in dai yana da albashi a ƙarshen wata da lambar da zai kira a amsa. Garuruwan da jirgi ke ratsawa ba ya tsayawa, irin waɗanda ke tsakanin Jere da Rijana, ba su da dalilin ɗaukar dogo a matsayin nasu idan abin da suke samu daga gare shi ƙara ce da ƙura. A ɗauki 'ya'yansu aikin sintiri, a biya su ta hannun hukuma, a sa dagatai da masu unguwanni su san iyakar yankin da ke wuyansu.

Muna wannan magana ne yanzu saboda abin da ke tafe ya fi wanda ke ƙasa. A shekarar 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Bisa wancan lissafi namu, na Maraɗi kaɗai zai ci mariƙai kusan miliyan biyu, a yankin da zafin rana ya fi na Abuja, tsaro kuma ya fi rauni. Muna kira ga 'yan majalisarmu da ke kwamitocin sufuri, kafin su tafi bikin buɗe kowane layi, su nemi a ajiye masu takarda a gabansu mai nuna mutum nawa aka ɗauka domin taka kowace kilomita, nawa aka ware wa kayan canji a shekara, da kuma inda za a riƙa ƙera mariƙan idan na ɗan kwangila suka ƙare. Hukumar jiragen ƙasa kuma ta riƙa buga adadin waɗanda aka sace da waɗanda aka mayar duk wata uku, layi-layi, tare da sunayen kamfanonin da kotu ta samu da kayan a hannunsu.